Harafi Takwas

Doka ta ce idan mutum ya rasu, iyalinsa na da kwana bakwai su faɗi yawan abin da za a ajiye na muryarsa da saƙonninsa. Sauran gogewa ake yi. Rana ta shida da rasuwar Inna na je ofishin ajiya na Gusau.

Na rubuta wa na'urar ofishin "8 g", da ƙaramin baƙi. Sai ta tsaya ta tambaye ni: "Gigabait takwas kake nufi?"

Na yi tsaki. "Wannan na'ura da gardama take!"

"Ni na koya mata, ɗana," in ji wata dattijuwa a teburin gefe.

Hajiya Tasalla ce, mai gwajin na'urar. Kullum da safe sai ta ɗura mata shirme kala ɗari uku: ƙaramin baƙi, waƙafi a wurin ɗigo, har da "mudu biyu". In na'urar ta yi kintace ko sau ɗaya, ranar Hajiya ba ta barin a buɗe ofis.

"Hajiya, ba kya gajiya?"

Ta zaro wata takarda daga jakarta. "Da maigidana ya rasu, abin da ka rubuta na rubuta. Na'urar lokacin ba ta tambaya. Ta watsar da baƙin, ta ajiye min bait takwas. Harafi takwas ke nan."

Na duba takardar. Abin da ya rage na saƙonnin shekara talatin: Assalamu.

"Kullum ni nake ƙarasa masa sallamar," ta ce. "Je ka amsa wa na'urar."