Ginshiƙan da Suka Yanke Sahu

Wani injiniya ne mutanen unguwarsu suka damƙa wa zanen masallacin da suka daɗe suna fafutukar ginawa. Filin kuwa ba shi da fasali, ya tsuke ta baya ya buɗe ta gaba kamar gatari, tituna biyu sun matse shi. Da ya zauna gaban kwamfuta sai ya yi abin da hannunsa ya saba: ya shimfiɗa layukan da ake dasa ginshiƙai a mahaɗarsu, ya daidaita su da babban titi, yadda yake yi wa shaguna da gidajen haya. Zane ya fito tsaf, gwanin sha'awa. Sai can ya tuna da alƙibla. Ya ja layinta a kan zanen, ya ga ta karkace, ba ruwanta da titi balle ginshiƙansa. Juya layukan ba wani aiki ba ne, amma in ya juya dole ya sake lissafin kowane ginshiƙi da rodinsa, ga dattawa sun dame shi da aike. Ya ce a ransa, in an gama gini a ja layin sahu a ƙasa, kowa ya fuskanci alƙibla, shi ke nan.

Aka zuba kankare, aka yi rufi, aka yi shafe. Ranar buɗewa liman ya ce a daidaita sahu, a haɗa kafaɗa. Sahu ya bi alƙibla a gicciye, ginshiƙai kuwa suna nan a layin titi, babu sahun da ba su yanke ba. Shi kansa injiniyan, siminti ne ya raba kafaɗarsa da ta mahaifinsa. Da zaginsa aka yi da ya fi masa sauƙi, don kunya ta ishe shi. Ya koma gida ya buɗe zanen, ya juya layukan, kafin magariba ya gama lissafin nan da ya guje wa. Komai ya zauna daidai, amma fa a kwamfuta kaɗai. A masallacin yake salla kullum, kuma har yau in ya yi sallama ta dama, ginshiƙi yake gani.

Shi ya sa Hausawa suka ce: tun ran gini ran zane.