Tsohon da Ya Ari Ɗingishin Agwagwa

Tanimu, tun ɗazu kake cika mini kunne wai shekara goma sha tara kuna tare da maigidanka, a kwano ɗaya kuke cin abinci, saboda haka ko ka ɗauki laifin abokin aikinka ka ɗora wa kanka ba abin da zai same ka. To, na ji. Ni bakina ya gaji da yi wa mutane nasiha, ba zan yi maka ba. Labari kawai zan ba ka, ka yi yadda ka ga dama da shi.

Akwai wani otal a wani birni da ya yi suna, ba don daɗin abinci ba, ba don laushin gado ba, sai don agwagi. Agwagi fa, irin waɗanda ke dagula kwata a bayan gidanku! Su biyar ne, farare tas. Kullum ƙarfe goma sha ɗaya na safe sai a shimfiɗa musu jar darduma tun daga lambun baya har tsakiyar zauren otal, inda aka gina musu ɗan tafki mai feshin ruwa. Wani tsoho ne ke jan su, da jar riga mai maɓallai masu walƙiya da sanda a hannu. Yana gaba suna bin sa a layi ɗaya, bayan la'asar kuma ya mai da su. Duk baƙon da ya shigo garin sai an kai shi ya gani. Ni ma 'ya'yana suka ja ni ranar da na je ganin likita, na yi awa guda a tsaye cikin cunkoso, bayana na zogi, manyan mutane da furfurarsu sun ɗaga waya sama suna turereniya a kan agwagwa. Na ce oh ni, wannan duniya!

Abin da masu kallo ba su sani ba, huɗu daga cikinsu ba tsohon suke bi ba. Babbarsu suke bi, ita kuma shi take bi, don a hannunsa ta tashi tun tana 'yar tsako. Shekara tara tana gaban layi. Sai wata damina ƙafarta ta hagu ta kumbura, ta fara ɗingishi. Ƙa'idar gidan kuwa, duk agwagwar da ta kasa tafiyar darduma kicin ake miƙa ta. Tsoho ya shafa mata man kaɗe, ya gasa mata da ruwan zafi, ba sauƙi. Sai ya yi dabara. Ya rage sauri, ya fara jan tasa ƙafar yana dogara sanda, har idon kowa ya koma kansa. Tafiyar minti uku ta koma ta bakwai, a wannan saiɓi kuwa ba mai gane ɗingishinta, tunda dama agwagwa da rangaji take tafiya. Matarsa ta ce masa wasa yake yi da tuwonsu. Ya yi dariya, ya ce tun zamanin uban mai otal yake aikin nan, shi kansa mai otal ɗin a gabansa ya girma, wa zai taɓa shi?

Wata biyu yana haka. Masu kawo baƙi a bas suka fara ƙorafin ana ɓata musu lokaci, wasu kuma na ɗaukar hoton tsoho suna ƙyalƙyala dariya. Ran nan mai otal ya kira shi ofis, ya tashi ya ba shi kujera, ya sa aka kawo masa shayi. Ya ce, "Baba, wallahi ba na iya kallonka kana wahala haka. Ka je gida ka huta." Tsoho ya ga in ya ce ƙafarsa lafiya lau take sai an tambaye shi dalili, dalilin kuwa ga ta can a tafki tana iyo. Sai ya tuɓe jar riga, ya ajiye sanda. Ya yi ta ɗingishi har ya fita ƙofa, sai da ya sha kwana sannan ya miƙe tafiyarsa.

Wanda aka ba aikin wani ƙato ne mai zafin nama. Ranar farko ya keta darduma kamar soja, tsohuwar agwagwa ta yi ta fama a bayansa, ta kife sau biyu a gaban jama'a, layi ya watse. Kafin azahar tana kicin. Mai otal da kansa ya ba da umarni, shi da ke jefa mata gutsuren burodi kowace safiya. Bayan shekara na haɗu da tsohon a tashar mota yana gadin wani shago, na gane shi, shi ya ba ni labarin nan. Na tambaye shi ko ya koma ya faɗi gaskiya. Ya ce ya koma, an karɓe shi da fara'a, an sake ba shi shayi, sannan aka ce masa tela ya buɗa rigar daidai jikin sabon, yanzu ta yi masa yawa.

Mai otal ba mugu ba ne, Tanimu, abin da ke kashe mini jiki ke nan. Yana son tsohon, yana son agwagwar, amma dardumarsa ta fi su. Kai dai ka je ka yi tunani tun rigarka na jikinka, don masu iya magana sun ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta.