Kada A Taɓa Shi

Motar gbaka, ƙaramar bas ta haya, ta banke wani tsoho a unguwar Adjamé, jama'a suka yi caa za su sa shi a taksi.

"Kada a taɓa shi!" ɗansa ya daka tsawa. A kwas ɗin wasannin motsa jiki an koya masa cewa wanda ya bugu a wuya ba a ɗaga shi sai motar asibiti ta zo. Shi ya zo na ɗaya a jarrabawar.

"Ɗan nan, bari mu kai shi," in ji wani mahauci, aminin tsohon.

Ya ƙi. Ya durƙusa ya tallafe kan mahaifinsa yadda aka koyar, motar asibitin da aka kira kuwa ta maƙale a cunkoso.

Da la'asar wani likita a asibitin Treichville ya ja mayafi ya rufe fuskar tsohon. "Jini ne ya tsiyaye a cikinsa. Da an kawo shi da wuri... Wuyansa kam lafiya lau."