Baƙin Man Motar Likita

Injiniyan kamfanin ya tsoma yatsa cikin kwanon baƙin man da aka tatso daga motar Likita, ya ɗaga. Man ya biyo yatsan a hankali, yana jan zare kamar zuma.

"Wannan ba namu ba ne," ya ce. "Motarki tsinkakken mai take sha, ga lambarsa nan a kan murfi. Hanyoyin da mai yake bi cikin irin wannan inji ba su fi kafar allura ba. Kafin mai kauri ya hau sama da safe, ƙarfe ya gama cin ƙarfe. Wata huɗu ko biyar a haka, dole inji ya buga. Ki yi haƙuri, kamfani ba zai ɗauki gyaran ba."

Likita ba ita kaɗai ta zo ba. Ta taho da mahaifinta, tsohon bakanike, wanda ya yi shekara arba'in a ƙarƙashin motocin mutane kafin gwiwa ta zaunar da shi a gida. Har yanzu direbobin unguwa Sarkin Sifana suke ce masa. Da kuɗin garejinsa ta yi karatu, kuma a wurinta duk injiniyan duniya bayan Baba yake.

"Baba, duba mini," ta ce.

Tsohon bai matsa kusa da kwanon ba.

"Mai kauri ne. Mai lamba ashirin da hamsin."

"Ai kuwa shi ne," in ji injiniya. "Baba ya san aikinsa."

Takardun kamfani sun nuna wata biyar da suka wuce aka yi wa motar juyen mai, kuma man da ya dace aka zuba. Ke nan wani ya tsiyaye shi bayan nan. Mutum ɗaya ne yake riƙe da makullin motar.

Direban ya shekara goma sha ɗaya tare da ita. Shi yake kai yara makaranta, shi yake kai ta asibiti, shi take aika wa Baba da magani da cefane duk ƙarshen mako, a bar shi da mota wuni guda ba a tambaye shi inda ya tsaya ba. A ɗaki biyun da ke bayan gidanta yake zaune da matarsa da 'ya'ya uku.

Da yamma ta kira shi baranda. Baba yana kan kujera a gefe, sandarsa tsakanin ƙafafu.

"Nawa suka ba ka?" ta tambaya. "Ka tatse mai tsada ka sayar, ka ɗura mini na bakin titi. Nawa?"

"Wallahi, ranki ya daɗe, ban sayar da komai ba."

"To wa ya zuba?"

Direba ya ɗaga kai, ya buɗe baki, sai ya mayar da idonsa kan takalminsa.

Ta ba shi lokaci. Ta sake tambaya, ta kuma sakewa. Ba injin ne ya fi ƙona mata rai ba. Mutumin nan ne ya ɗauko ɗanta na fari daga asibiti ranar da aka haife shi.

Baba ya yi gyaran murya. "'Yar nan, a dai yi haƙuri. Kuskure..."

"Kar ka roƙa masa, Baba. Kai da ka yi shekara arba'in ba ka taɓa kashe injin kowa ba? Ranar da na ji mutum irinka ya yi wannan jahilcin, ranar zan daina yarda da ɗan Adam."

Tsohon ya sunkuyar da kai kan sandarsa.

Kwana uku ta ba direban ya kwashe kayansa. Kafin kwanakin su cika, labari ya zaga asibiti, kuma wani likita da ya daɗe yana zawarcinsa da aiki ya daina ɗaga wayarsa. Matarsa ta ɗaure tukwane cikin zani tana kuka, tana tambayarsa me Likita ta rage su da shi da har zai yi sata. Shi dai ya ci gaba da ɗaure kaya.

Ranar tafiya direba ya miƙa makulli, ya nufi inda Baba yake zaune a inuwar ƙofar gidan Likita, ya durƙusa.

"Baba, zan tafi."

Ya daɗe a durƙushe, fiye da yadda sallama take bukata. Tsohon yana kallon titi.

"Allah Ya kiyaye hanya," ya ce.

Direba ya miƙe, ya karkaɗe gwiwarsa, ya bi bayan iyalinsa. Wata biyar da suka wuce ma haka ya durƙusa, a ƙofar gidan tsohon, riƙe da kwano a ƙarƙashin motar yana cewa, "Baba, littafin motar ya hana," shi kuwa Baba yana kwance noti da hannunsa, yana dariya wai kamfani ya zuba wa motar 'yarsa ruwa da sunan mai.