Takardar da Uwa Ta Ɗinke

Tsohon akawun ya tuɓe takalmi a ƙofar ofis, ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, takardar neman tallafin karatu na zo karɓar wa autana. Ingila yake so."

Bai gane sabon jami'in ilimin na garin Lafiya ba. Shi kuwa jami'in hannayen tsohon ya ƙura wa ido. Shekara takwas ke nan da suka yaga tasa takardar gida biyu, mai su yana dariya: "Ɗan mai dafa gishiri da Ingila? Koma Keana ka hura wa uwarka wuta!"

Ya koma ɗin. Matan garin suka yi ta dafa gishiri suna sayarwa har suka sa shi a jirgin ruwa. Uwarsa ba ta ga dawowarsa ba, hayaƙi ya cinye mata ƙirji.

Jami'in ya jawo aljihun tebur, ya fito da wata tsohuwar takarda, an ɗinke tsakiyarta da baƙin zare, ɗinkin uwa.

"Takardu sun ƙare, Baba. Wannan kaɗai ta rage." Ya tura masa. "Kankare sunana, ka rubuta nasa."