Batura a Kan Katanga

Bayan azahar baturan rediyonmu suka mutu, daidai lokacin da sufeton cikin wasan kwaikwayo zai faɗi wanda ya kashe attajirin, ya sayar da gidansa da takardun jabu. Baba ya zare su ya shanya a kan katanga, ko rana za ta farfaɗo da su.

"Ba direban ba ne," in ji shi. "Kome ya faru, direba ake kamawa."

Shi ma direba ne. A satin nan maigidansa na Tarauni ya karɓe makullin mota, wai ana satar mai. Na san da haka sarai. Amma na ruga shagon tela a bakin titin Gyaɗi-Gyaɗi na ji ƙarshen, na dawo ina tsalle.

"Baba, direban ne! Na cinye ka!"

Maƙwabta biyu na zaune a tabarmarsa. Babu wanda ya ɗago. Baba ya taɓa baturan, ya ce, "Sun yi zafi. Kai wa innarka ta sa a tocilan."

Har yau in na riƙe batir mai ɗumi, tsallen nan nake tunawa, in ji kamar in nutse.