Ƙararrawar Malam Barau

Tun da teku ta cinye Apapa, mutane suka koma gidajen da ke yawo bisa ruwa, kowane gida da nauyin da hukuma ta yanka masa. Malam Barau, tsohon ɗan dako a tashar jiragen ruwa, ya shekara arba'in yana tara kayan tsofaffin jirage. Doka ta raba shi da fitilu da hulunan sojan ruwa, saura ƙararrawar tagulla guda mai nauyin kilo talatin.

Ana gobe sunan jikansa, mai awon nauyin gidaje ya iso a kwalekwale, ya duba allon nauyi da ke ƙofar gida.

"Baba, kun zarce da kilo talatin. Ga jariri, ga ragon suna."

"Ragon da za a yanka gobe? Kanka ɗaya kuwa?"

"In kun cinye shi, ai nauyin yana cikinku."

"To, kilo hamsin na matata mai rasuwa fa?"

"An ba maƙwabta tun sadakar uku."

Tasi'u, uban jaririn, ya sunkuyar da kai. "Baba, ba a suna babu rago."

Tsoho ya miƙe. Ya hana kowa taɓa ƙararrawar, ya kinkime ta da kansa har bakin ruwa, ya saki. Sau ɗaya ta yi ƙara kafin ta nutse.

"Rubuta, ɗan nema!" ya daka wa mai awo tsawa, sannan ya juyo kan ɗansa. "Ni ma kilo sittin ne. Ranar da na mutu, ka yi maza ka sayo kujeru kafin maƙwabta su riga ka."